Filin Jirgi a Tsakiyar Teku: Da Me Ake Auna Jiragen Dakon Jiragen Yaƙi?

Da asubahin ranar 2 ga Mayu 1982, can a kudancin tekun Atlantika, jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna Veinticinco de Mayo yana ɗauke da jiragen sama samfurin Skyhawk guda 8. An gano inda rundunar Birtaniya take, an tanadi bama-bamai, matuƙa sun shirya. Abu ɗaya ya rage, shi ne iska. A yankin da aka sani da guguwa kusan kullum, ranar nan teku ta kwanta luf. Jirgin kuwa tsoho ne, tun zamanin yaƙin duniya na biyu aka ƙera shi a Ingila, injinsa ba ya iya gudun da zai samar wa jiragen iskar da za ta ɗaga su da nauyin bom da na mai. Ko dai a rage bama-bamai har harin ya rasa amfani, ko a rage mai jiragen su kasa dawowa. Aka fasa. Kafin rana ta faɗi, jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai suna Conqueror ya nutsar da wani babban jirgin ruwan yaƙin Ajantina, General Belgrano, mutum 323 suka mutu, Ajantina ta janye manyan jiragen ruwanta zuwa gaɓa. Veinticinco de Mayo bai sake leƙa fagen ba har aka gama yaƙin tsibiran Falkland.

Duk lokacin da rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya aka ji Amurka ta tura jirgin dakon jiragen yaƙi, nan da nan hotuna ke cika Facebook da WhatsApp: wannan tsawonsa kaza, wancan nauyinsa tan dubu kaza, na Sin ya kusa kamo na Amurka. A ganina wannan awo ne da mudun da ba nasa ba. Tambayar da ta dace duk mai motar haya ya san ta: sawu nawa ake yi a rana, da kaya nawa, zuwa ina, kuma kwana nawa za a jure ana yi kafin mota ta kwanta a gareji? Jirgin dako tasha ce mai tafiya a kan ruwa. Ba shi ne ke yaƙin ba, jiragen da ke tashi daga doronsa su ne makamin, saboda haka darajarsa tana ga yadda yake tayar da su da yadda yake karɓarsu in sun dawo.

Babban titin jirgi na filin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3. Jirgin dako mafi girma a duniya, Gerald R. Ford na Amurka, tsawonsa gaba ɗaya mita 337 ne, kuma a cikin wannan ɗan fili ake tashi, ake sauka, ake ajiye jirage, ake ba su mai, ake ɗaura musu makamai. Jirgin yaƙi irin F/A-18 in ya sha mai ya ɗauki kaya yana kusan tan 30, kuma ba zai tsaya a iska ba sai gudunsa ya kai wajen kilomita 250 a sa'a. Dabarar farko da kowa ke yi ita ce a juya goshin jirgin ruwan ya fuskanci iska, a taka shi da gudun da ya haura kilomita 50 a sa'a, iskar da ke kaɗawa da wadda gudun ya haifar su haɗu su rage wa jirgin sama aiki. Wannan ita ce rangwamen da Ajantina ta rasa a safiyar nan. Daga nan ne hanyoyin ƙasashe suka rabu.

Amurka da Faransa, yanzu kuma da Sin, cilla jirgin suke yi da wata na'ura wadda aikinta ya yi kama da danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi. Bari mu kira ta danƙo. Wani mai rigar ruwan ɗorawa yana tafe da baya-baya yana yi wa matuƙi alama da hannu, har tayar gaban jirgin ta hau kan wata siririyar tsaga mai tsawon mita 90 da ɗoriya. Wani saurayi mai koriyar riga ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin hancin jirgin, inji na ruri a kusa da kunnensa, ya tabbatar sandar da ke jikin tayar ta maƙale a wani ɗan ƙarfe da ya leƙo daga tsagar. Ɗan ƙarfen nan kaɗai ido ke gani. A ƙasa akwai dogayen bututu biyu da fistin a cikinsu suna jiran tururi. A bayan jirgin wani bangon ƙarfe ya taso ya tare wutar injin don kada ta hure na baya zuwa cikin teku. Wani kuma ya ɗaga allo mai nuna nauyin jirgin, matuƙi ya duba ya amince, domin da wannan adadi ake auna ƙarfin da za a saki: in ya yi kaɗan jirgi ya faɗa ruwa a gaban jirgin ruwan da ke tafe a guje, in ya yi yawa a lahanta masa ƙafa. Matuƙi ya ba injin wuta duka, ya motsa fukafukai ya ga komai lafiya, ya sara wa jami'in harbi, ya jingina ƙeya da kujera. A F/A-18 har ɗauke hannu yake yi daga sandar tuƙi ya kama wani mariƙi, kwamfuta ce ke riƙe jirgin a daƙiƙun farko. Jami'in ya durƙusa, ya taɓa ƙasa, ya nuna gaba. Cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 abin da ke tsaye cak ya kai gudun tashi, ya ɓace daga goshin jirgin, tururi na bin sawunsa.

Jiragen Amurka samfurin Nimitz, guda 10 da aka ƙaddamar tsakanin 1975 da 2009, kowanne danƙon tururi 4 gare shi. Ford, wanda ya shiga aiki a 2017 bayan ya lashe kusan dala biliyan 13, ya bar tururi ya koma wutar lantarki da maganaɗisu. Amfanin sabuwar na'urar shi ne tana jan jirgi a hankali da farko sannan ta ƙara ƙarfi, don haka ba ta gajiyar da jikin jirgi, kuma ana iya daidaita ta ga babban jirgi ko ƙaramin maras matuƙi. Amma ta ba su wahala. Danƙon da igiyoyin tsayar da jirgi sun riƙa lalacewa fiye da yadda aka tsara, na'urori 11 masu hawa da makamai daga ƙasa ba su kammala ba sai ƙarshen 2021, kuma sai a 2023 Ford ya yi cikakkiyar tafiyarsa ta farko. Shekara 6 ke nan bayan bikin ƙaddamarwa, a hannun ƙasar da ta fi kowa sanin sana'ar.

Wanda ba shi da danƙo sai ya yi wa goshin jirginsa tudu. Jirgin sama ya taso da ƙarfin injinsa kaɗai, ya hau tudun, tudun ya wurga shi sama, ya samu 'yan daƙiƙun da zai ƙarasa tara gudu kafin nauyi ya rinjaye shi. Haka Admiral Kuznetsov na Rasha yake, haka Liaoning da Shandong na Sin, haka Vikramaditya da Vikrant na Indiya. Tudu ba ya lalacewa, ba ya cin tururi, ba ya buƙatar ma'aikata. Kuɗinsa ana biya ne a sama: jirgin da ya dogara da injinsa kaɗai, musamman ranar da iska ta yi rauni, dole ya zaɓa tsakanin cika tanki da cika kaya.

Birtaniya ma tudu take amfani da shi a Queen Elizabeth da Prince of Wales, masu nauyin tan 65,000 bisa tsarin ƙira, amma ita ta yar da igiyoyin sauka gaba ɗaya. Jirginta F-35B yana da wata babbar fanka a bayan kujerar matuƙi, bututun injinsa kuma yana lanƙwasowa ƙasa, saboda haka yana iya tsayawa cak a iska a gefen jirgin ruwa, ya matso, ya sauka kamar ungulu. Saukar ta fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba, har matuƙan sojan sama na iya zuwa su yi aiki a teku ba tare da doguwar horarwa ba. Italiya na bin wannan hanya da Cavour, Japan ma tana gyara Izumo da Kaga don su karɓi irin jirgin. Sai dai fankar nan gurbin mai ta cinye. F-35B yana ɗaukar man da ya kai wajen tan 6 a cikinsa, ɗan'uwansa F-35C da ake cillawa da danƙo yana ɗaukar kusan tan 9. Akwai kuma matsalar dawowa: jirgin da zai tsaya a iska yana da iyakar nauyi, in ya dawo da makaman da bai harba ba a rana mai zafi, ko ya zubar da mai ko ya zubar da makami mai tsada a teku. Shi ya sa Turawan Ingila suka ƙirƙiro wata sauka ta tsaka-tsaki, jirgin ya zo a hankali yana gangarowa, ya taka ƙasa ya ƙarasa da birki. A 2010 gwamnatinsu ta yanke shawarar sa danƙo, a 2012 ta janye da ta ga kuɗin.

Amma in aka ce in faɗi babban bambanci ɗaya tsakanin mai danƙo da maras shi, ba jiragen yaƙin zan nuna ba. Zan nuna wani jirgi ne mai farfela biyu da wani babban faifai a gadon bayansa, wanda ba ya harba ko harsashi ɗaya, sunansa E-2 Hawkeye. Duniya a dunƙule take, saboda haka na'urar rada da ke kan hasumiyar jirgin ruwa ba ta hango makami mai linzamin da ke tafe dab da fuskar ruwa sai ya rage kilomita 30 zuwa 40, wato abin da bai wuce minti 2 ba. Hawkeye yana hawa sama da na'urarsa ya hango abin da ke tafe tun daga ɗaruruwan kilomita, ya kuma riƙa shirya wa jiragen yaƙi inda za su tare. Nauyinsa da irin injinsa ba sa barinsa ya yi aiki daga tudu, sai da danƙo. Birtaniya ta ɗanɗana rashinsa a Falkland. Ta ajiye babban jirginta Ark Royal a ƙarshen shekarun 1970 tare da jiragen gadinsa, saboda haka ranar 4 ga Mayu 1982 ba a hango jiragen Ajantina da suka yi ƙasa-ƙasa tun daga nesa ba, har suka harbi jirgin ruwan yaƙinta Sheffield da makami mai linzami samfurin Exocet, mutum 20 suka rasu. Har yau masu tudu da helikwafta suke wannan gadin, ita kuwa ba ta hawa can sama, ba ta kuma daɗewa. Wannan ne ya sa Charles de Gaulle na Faransa, mai tan 42,000 kacal da tsawon mita 261, yake iya wasu ayyukan da jiragen da suka fi shi girma ba sa iyawa: yana da danƙo 2 ƙirar Amurka, yana tayar da jirgin yaƙinsu Rafale cike da kaya, yana tayar da Hawkeye. Kuma da Sin ta fitar da bidiyon jiragen da ke tashi daga sabon jirginta Fujian a Satumbar 2025, mutane suka zuba ido kan J-35 mai ɓuya wa rada, alhali labarin na gaske shi ne KJ-600, mai faifai a baya, da danƙon lantarki ya cilla.

Batun nukiliya kuwa ana yawan zuzuta shi fiye da kima. Gaskiya ne jiragen Amurka da Charles de Gaulle, wanda shi kaɗai ne mai nukiliya a wajen Amurka, ba sa tsayawa shan mai. Samfurin Nimitz sau ɗaya ake sabunta masa makamashi a tsakiyar rayuwarsa ta shekara 50. Amma jiragen saman da ke kansa kananzir ɗinsu suke sha, ma'aikata wajen 5,000 kuma abinci suke ci sau uku ko huɗu a rana. Man jirage lita miliyan 11 da yake ɗauka ba ya daɗewa in aiki ya yi zafi. Kusan kowane mako sai jirgin kaya ya zo ya jera da shi, tazarar da ba ta wuce mita 50 zuwa 60 ba, dukansu suna tafiya, a harba igiya, a ja bututun mai, a riƙa zuro buhuna da kwalaye na tsawon sa'o'i. Ga kuma 'yan rakiya: jiragen kakkaɓo makamai masu linzami da jirgin ƙarƙashin teku. Wanda ya sayi jirgin dako bai tanadi waɗannan ba, doki ya saya ba sirdi ba linzami.

Sannan jirgi ɗaya ba jirgi ba ne. Masu sana'ar suna lissafin cewa kafin ka samu ɗaya a bakin aiki kullum, sai kana da wajen uku: ɗaya a teku, ɗaya yana horo, ɗaya a wurin gyara. Amurka na da 11, amma waɗanda ke fagen aiki a lokaci guda ba su cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Faransa da ke da ɗaya tak, da ya shiga babban gyara a Toulon a farkon 2017, sai da ta yi wata 18 ba ta da ko ɗaya, matuƙanta suka tafi Amurka a 2018 suka yi atisaye a kan jirgin dakon Amurka mai suna George H.W. Bush don kada hannu ya kwanta.

Kada hannu ya kwanta: a nan maganar take. Sauka a kan jirgin ruwa ba abin da ake koya sau ɗaya a ajiye ba ne.

A ce dare ne, ba wata, hadari ya rufe taurari. Matuƙi ya yi sa'a huɗu ko biyar a ɗaure a kujera, ya gaji, mansa ya yi ƙasa. Ba ya bambance inda teku ta ƙare da inda sama ta fara, duk baƙi ne wuluk, sai wasu 'yan fitilu can ƙasa kamar a rufe su da ɗan yatsa. Filin da zai sauka gudu yake yi yana nisantarsa, gindinsa na ɗagawa yana sauka da igiyar ruwa, kuma da yake titin saukar a karkace aka shimfiɗa shi da digiri 9 zuwa hagu, kullum zamewa yake yi zuwa dama. A gefen hagu na filin akwai wata fitila ruwan goro a tsakiyar jerin korayen fitilu. In ta haura layin korayen, ya yi sama da yawa. In ta gangaro, ya yi ƙasa. In ta koma ja, bangon bayan jirgin ruwan yake shirin daka. Idonsa na yawo tsakanin fitilar, da layin tsakiya, da ma'aunin karkatar fukafukai, hannun hagunsa na ƙara wuta yana ragewa ba hutawa. A wani ɗan dandali a bayan jirgin, wasu matuƙa 'yan'uwansa suna tsaye cikin iska da rediyo a kunne, ɗaya riƙe da makunnin jajayen fitilun da ke cewa a fasa. Muryarsu a kwantar take: ƙara wuta kaɗan, matsa dama. Ba ya sassauta jirgin ya sauka a hankali kamar jirgin fasinja, dira yake yi da ƙarfi, yana gangarowa da mita 3 da rabi a kowace daƙiƙa, don ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama ɗaya daga igiyoyin ƙarfe 3 ko 4 da aka gicciya. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ranar da na fara fahimtarsa shi ne, da tayoyi sun taɓa ƙasa, maimakon ya taka birki, wuta duka yake ba injin. Bai san ko ƙugiyar ta kama ba. In ta kama, igiyar za ta tsayar da shi cikin mita 100 duk da rurin injin, jikinsa ya fizgu gaba cikin ɗamara. In ta tsallake, yana da ƙarfin da zai sake tashi ya zagayo. In ya sake kuskurewa, sai ya nemi jirgin mai da ke shawagi a sama ya sha a cikin duhun, domin a tsakiyar teku ba wani filin da zai nufa. Wani bincike da aka yi kan matuƙan Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam ya nuna bugun zuciyarsu ya fi tsananta a wajen tashi da sauka a kan jirgin fiye da lokacin jefa bom.

Kowace sauka kuma sai an ba ta maki. Waɗancan da ke tsaye a dandali suna rubuta yadda ta kasance, su bi matuƙi har ɗakinsu su faɗa masa, ko da ya girme su a muƙami nesa, sannan a manna sakamakon a bango kowa ya gani. Wannan al'ada ta fi burge ni fiye da duk wata na'ura da ke jirgin, domin ita ce ke hana girman kai kashe mutum.

Ba a banza aka kai nan ba. Eugene Ely ya fara sauka a kan jirgin ruwa a San Francisco a Janairun 1911, da igiyoyi da buhunan yashi. Edwin Dunning na Birtaniya ya sauka a kan jirgin ruwan yaƙi Furious yana tafiya a Agustan 1917, bayan kwana 5 ya sake gwadawa ya faɗa ruwa ya mutu. Da jirage masu injin jet suka zo bayan yaƙin duniya na biyu, abin ya zama annoba: titin a miƙe yake, wanda ya kuskure igiya kan jiragen da aka ajiye a gaba yake afkawa. A 1954 kaɗai sojojin ruwan Amurka sun yi asarar jirage 776 a haɗurra. Dabaru uku da suka kawo sauƙi, wato karkataccen titi, da danƙon tururi, da madubin da ya zama fitilar nan ta yau, duk daga jami'an sojan ruwan Birtaniya suka fito a farkon shekarun 1950.

Su kuwa waɗanda ke kan doron jirgin, yawancinsu samari ne da 'yan mata da ba su daɗe da cika shekara 20 ba. Ƙara ba ta barin a ji magana, don haka da launin riga ake sanin aikin kowa, da hannu ake zance: masu ruwan ɗorawa na ba da hanya, masu kore na kula da danƙo da igiya, masu shunayya na ba da mai, masu ja na ɗaura makamai da kashe gobara, masu shuɗi na jan jirage da ɗaure su da sarƙa, masu ruwan ƙasa kowanne da jirgin da yake reno. Kafin a fara aiki sai su jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan, su taka a hankali kai a sunkuye, suna tsintar duk wani ɗan kusa ko guntun waya, domin inji in ya zuƙi abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana iya lalacewa. A Nuwambar 2021 wani F-35B ya gangara daga tudun Queen Elizabeth ya faɗa Bahar Rum saboda murfin da ake toshe bakin inji da shi ya maƙale a ciki ba a gani ba. Matuƙin ya cilla kansa ya tsira. A Maris 2016 igiya ta tsinke a kan jirgin dakon Amurka Eisenhower lokacin da Hawkeye ke sauka, ta yi bulala ta raunata mutum 8, jirgin ya ɓace a ƙasan goshin titin, sai ga shi ya taso da kyar. Mafi muni shi ne na jirgin dakon Amurka Forrestal ranar 29 ga Yuli 1967 a gaɓar Biyetnam, inda roka ɗaya ta tashi da kanta ta bugi jirgin da ke cike da mai, bama-bamai suka fara fashewa, mutum 134 suka mutu. Fashewar farko ta kashe ƙwararrun masu kashe gobara, waɗanda suka rage suka riƙa wanke kumfar kashe wuta da ruwa cikin rashin sani. Tun daga nan kowane sojan ruwan Amurka sai ya koyi kashe gobara.

A ƙasan doron kuma akwai dubban da ke iya yin kwanaki ba su ga rana ba: masu dafa abinci, masu wanki, masu tace ruwan teku ya zama na sha, masu gyaran inji. Gadajensu hawa uku ne, kowanne da ɗan labule, wasu a ƙarƙashin danƙo ko igiya suke kwana, duk tashi da sauka a kan kansu. A 2020, saboda korona, Eisenhower ya yi kwana 206 a jere bai tsaya a wata tashar ruwa ba. A shekarar cutar ta kama fiye da mutum 1,000 a Theodore Roosevelt, haka ma a Charles de Gaulle.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rasha ta tura Kuznetsov gaɓar Siriya a ƙarshen 2016, yana tafe yana turnuƙa baƙin hayaƙi. Cikin 'yan makonni ya rasa jiragen yaƙi biyu, MiG-29K da Su-33, duka biyun a kan matsalar igiyar sauka, aka kwashe jiragen zuwa sansanin Hmeimim a kan tudu. Tun 2017 yake wurin gyara, a 2018 dandalin da aka ɗora shi ya nutse ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo masa, a 2019 gobara ta tashi a cikinsa. Tailan ta karɓi Chakri Naruebet daga Sifaniya a 1997, shekarar da tattalin arzikinta ya rushe, zuwa 2006 ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya da zai tashi daga kansa. Birazil ta sayi tsohon Foch na Faransa a 2000 ta sa masa suna São Paulo, ya ƙare rayuwarsa yawanci a ɗaure a tasha, a Fabrairun 2023 ta nutsar da shi da hannunta a Atlantika bayan Turkiyya ta hana a shigo da shi don yankawa. A Afirka, abin da ya fi kusa da irin wannan jirgi shi ne jirage biyu samfurin Mistral da Masar ta karɓa daga Faransa a 2016, su kuwa helikwafta kaɗai suke ɗauka. Ko masu gwanintar ba su tsira ba: jirgin dakon Amurka Harry S. Truman, a fafatawarsa da 'yan Husi a Bahar Maliya, ya rasa F/A-18 guda 3 tsakanin Disambar 2024 da Mayun 2025. Ɗaya jirgin rakiyarsa ne ya harbo shi bisa kuskure, ɗaya ya sulale ya faɗa ruwa ana cikin jansa lokacin da jirgin ruwan ya yi kwana mai tsanani, ɗaya igiya ce ta gaza riƙe shi.

Akwai masu cewa zamanin waɗannan jirage ya wuce, tunda makamai masu linzami irin DF-21D da DF-26 na Sin an ƙera su ne don su same su daga nesa, jiragen ƙarƙashin teku kuma kullum ƙara shiru suke yi. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ba a gwada ta a babban yaƙin teku ba tun 1945. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙasar da ta ƙera waɗannan makamai ita ce ta fi kowa zafin gina jiragen dakon.

Hanyar da Sin ta bi ta ishi mai nazari. A 1985 ta sayi tsohon jirgin dakon Ostareliya mai suna Melbourne a matsayin ƙarfen yankawa, ta zauna ta karanci danƙonsa da igiyoyinsa. A 1998 wani kamfani ya sayi gangar jikin wani jirgin dako da ba a ƙarasa ƙera shi ba mai suna Varyag daga Yukiren kan dala miliyan 20, da sunan za a mai da shi gidan caca a Macau. Turkiyya ta tsare shi fiye da shekara kafin ta bari ya ratsa Bosforus, aka ja shi aka zagaya Afirka ta ƙasa, ya isa Dalian a 2002. Sai bayan shekara 10 ya fito da suna Liaoning. A Nuwambar 2012 jirgin yaƙi J-15 ya fara sauka a kansa, shugaban aikin ƙera J-15 ɗin, Luo Yang, zuciyarsa ta buga ya rasu a ranar da suka dawo tasha. Shandong ya biyo a 2019, ƙirar gida. Fujian, mai tan 80,000 da ɗoriya da danƙon lantarki 3, ya shiga aiki a Nuwambar 2025, ya tsallake matakin tururi gaba ɗaya.

Ƙarfen ya samu. Abin da ake jira a gani shi ne sawu. An tsara samfurin Nimitz ya riƙa yin sawu wajen 120 a rana, Ford kuma 160, kuma a wani gwaji na Yulin 1997 Nimitz ya yi sawu 975 cikin kwana 4. A watan Yunin 2025 Liaoning da Shandong suka fita yammacin Fasifik a lokaci guda, karon farko, Liaoning har ya wuce gabas da tsibirin Iwo Jima. Jiragen ruwan Japan suka bi su a baya suna kallo, ma'aikatar tsaronta kuma ta riƙa fitar da sanarwa da lissafin tashi da saukar da aka yi a kan jiragen biyu. Cikin 'yan makonnin nan, ta ƙirga fiye da 1,000.